A lissafa kuɗin gyara kafin a biya kuɗin tsohuwar mota

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida taka mai albarka in yi magana a kan wata asara da mutane ke jawo wa kansu da hannunsu, wato sayen tsohuwar mota mai matsala ba tare da an zauna an lissafa abin da gyaranta zai ci ba. Sayen motar da ta sha jiki ba laifi ba ne, mai matsalar ma ana dacewa da ita. Abin da ke damuna shi ne yadda mai saye ke ɗaukar kuɗin da zai miƙa wa mai mota a matsayin farashinta, alhali wannan kafin alƙalami ne kawai. Farashinta na gaskiya shi ne abin da aka biya, a haɗa da duk abin da za a kashe kafin ta iya ɗaukar iyali tafiya mai nisa hankali kwance.

Abin da mai sayarwa ke faɗa game da matsalar motarsa alama ce, ba ita ce cutar ba. Zai ce maka, "Ba ta da komai, ɗan zafi kawai take yi." To zafin nan yana iya zama murfin lagireto ne ya saki. Yana iya zama tamostat ne ya maƙale, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya idan injin ya ɗumama. Yana iya zama fanka ce ba ta tashi, ko lagireton ya toshe, ko famfon ruwa ya mutu. Yana kuma iya zama gaskit ya ƙone, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan injin da gangar jikinsa, ko ma kan injin ya tsage. Tsakanin murfin lagireto da tsagaggen kan injin akwai tazarar kuɗi mai nisa ƙwarai, kuma duka biyun sunansu "zafi" a bakin mai sayarwa. Don haka duk matsalar da ba a gano tushenta ba, a yi mata kuɗi da mafi munin abin da za ta iya zama, har sai gwaji ya nuna ba shi ba ne. Mai saye kuma ya tambayi kansa: in da ƙaramin abu ne, me ya hana mai ita ya gyara ya sayar da ita da daraja?

A je ganin mota da injinta a sanye. A ɗaga boneti a taɓa shi, in da ɗumi to an tayar da ita kafin zuwanka, a nemi a dawo washegari da sassafe, domin wahalar tashi da ƙarar sarƙa da hayaƙin farko duk suna ɓuya da zarar injin ya ɗauki zafi. Kafin a murɗa makulli a zaro sandar duba baƙin mai. Mai da ya yi baƙi ba abin tsoro ba ne, tsufa ya yi. Wanda ya koma fari-fari mai kauri kuwa ruwa ne ya shige shi, wanda ake ganin ƙyalƙyalin garin ƙarfe a cikinsa kuma injin ne ke cin kansa. Ɗan farin datti a ƙarƙashin murfin zuba mai kaɗai ba hujja ba ne, gumi yana kawo shi a motar da ba ta tafiya mai nisa, sai a tabbatar a jikin sandar. A buɗe lagireto, amma fa sai injin yana sanye, don ruwan da ke ciki yana iya tsartuwa ya ƙona fuska idan da zafi. A duba ko mai yana yawo a saman ruwan, ko ruwan ya yi jan tsatsa. Sai a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, a kalli fitilun dashbod: ta injin, ta mai, ta batir, ta ABS da ta jakar iska duk ya kamata su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Fitilar da ba ta kama ba tun farko, mai yiwuwa an cire ƙwanta ne ko an liƙe ta don kada ta tona asiri.

Idan ta tashi, fitilar mai ta mutu cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu. A saurara. Ƙaramar ƙara mai kas-kas daga saman injin galibi ta bawul ce, gyaranta da sauƙi. Bugu mai nauyi daga ƙasa, wanda ke ƙaruwa idan an taka totur, na metal ne, wato ɓawon ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, kuma injin da ke wannan ƙara yana dab da bugawa. Wasu na ɗura mai mai kaurin gaske don su danne ta, shi ya sa sabon mai mai kauri a tsohon injin yake buƙatar tambaya. Sai a koma bayan mota a kalli salansa. Baƙin hayaƙi fetur ne ya yi yawa, matsalar nozul ko sensa ko filtar iska. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa: in a tashin farko kawai yake fita sannan ya ɗauke, robobin bawul ne, in kuma duk taka totur sai ya fito, ringi ne suka cinye, aikin garambawul ke nan. Fari mai kauri da bai ɗauke ba bayan injin ya ɗumama ruwa ne ke shiga silinda.

Gwajin da ya fi kowanne bayyana lafiyar injin shi ne awon matsin silinda, kuma bai fi aikin sa'a guda ba. Ana cire fulogogi duka, a ɗaura geji a ramin kowanne, a buga sitata totur a buɗe. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da tsakanin 130 da 180 a ma'aunin matsi na psi, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne daidaito: kada silinda mafi rauni ta gaza mafi ƙarfi da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Idan wata ta yi ƙasa, a zuba mata kamar cokali guda na baƙin mai a sake awo. In matsin ya tashi, ringi ne, don man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. In bai motsa ba, bawul ne ko gaskit. Silinda biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare kuwa kusan kullum gaskit ne ya ƙone a tsakaninsu. Akwai kuma wani ruwan gwaji mai launin shuɗi da ake ɗorawa a bakin lagireto, yana rikiɗa zuwa rawaya idan hayaƙin injin yana shiga ruwa. Mai motar da ya hana a yi waɗannan gwaje-gwaje, a bar masa motarsa.

Bari in tsaya a kan gaskit, don a nan ne lissafin mutane ya fi karyewa. Mutum zai je ya tambayi kuɗin gaskit a shagon kayan gyara, ya ji ba yawa, ya ce ai wannan ba komai ba ne. Gaskit ɗin shi ne mafi araha a cikin aikin. Sai an kwance duk abin da ke saman injin an sauke kansa. Mafi yawan kan injin na motocin zamani na alminiyam ne, zafi yana lanƙwasa shi, don haka sai an kai shi an auna, an goge fuskarsa ta daidaita, an kuma gwada ko ya tsage. In ya tsage sai sayen wani. A injina da yawa kusoshin da ke ɗaure kan sau ɗaya ake amfani da su, don suna miƙewa wajen ɗauri, sai an sayi sababbi. Ga sabon mai da filta da ruwan sanyaya injin da tamostat. Ga kuma ainihin abin da ya jawo zafin tun farko, domin gaskit ba ya ƙonewa haka kawai, in ba a gyara lagireto ko fanka ko famfon da ya kashe na farko ba, sabon ma zai bi sahunsa. In kuma an daɗe ana tuƙa ta da ruwa a cikin mai, metal sun riga sun ji jiki, sai bayan an gama aikin sama a fara jin bugu daga ƙasa. Injin mai silinda shida ko takwas a jere biyu yana da kai biyu, komai nasa ninki ne.

Bel ɗin tayimin, wanda ke daidaita motsin bawul da na fistin, shi ma kuɗi ne da ke kwance ba a gani. Kamfanoni kan ce a canza shi tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko bayan shekara biyar zuwa bakwai, gwargwadon irin motar. Ba ya gargaɗi kafin ya tsinke, kuma a injina da yawa idan ya tsinke fistin yana haɗuwa da bawul ya lanƙwasa su. In babu shaidar ranar da aka canza shi, a ɗauka ba a canza ba, a sa kuɗinsa a lissafi tare da abin da ke ɗame shi da famfon ruwa, tunda a injina da yawa wuri ɗaya ake kwancewa. Mai sarƙa a maimakon bel ya fi daɗewa, amma ƙarar kwaram-kwaram a daƙiƙun farko na tashin safe alama ce sarƙar ta miƙe.

Bayan injin sai giya, wadda gyaranta kan kai kuɗin injin, wani lokaci ta wuce. A mota mai canza giya da kanta, a taka birki a sa D, a dawo a sa R. Ya kamata ta kama cikin daƙiƙa ɗaya zuwa biyu, ba tare da duka ba. In tana da sandar duba man giya a zaro a shinshina: lafiyayye ja ne ko ja mai duhu, wanda ya yi baƙi yana warin ƙuna kuwa farantan ciki ne suka ƙone, kuma canza mai ba ya dawo da su. Kada a yarda da zagayen minti biyar. A tuƙa ta minti ashirin zuwa talatin, a hau gangare, a shiga cunkoso, a kuma sake ta a buɗaɗɗen titi, domin giya da yawa lafiya lau suke da sanyi, sai sun ɗauki zafi su fara zamewa, ka ji injin yana ihu mota ba ta ƙara gudu. Mai giyar hannu ta fi sauƙin sha'ani. A sa giya ta huɗu ana tafiya a hankali a danne totur, in ƙarar injin ta tashi gudu bai tashi ba, kuloci ya ƙare. Ana canza faranti da madanninsa da boris ɗinsa lokaci guda, saboda sai an sauke giya kafin a kai gare su, ba a so a biya ladan aikin nan sau biyu.

Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996, da masu fetur na Turai daga 2001, suna da soket mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari inda ake jona na'urar karanta kwamfutar mota. A jona ta lallai, amma a san iyakarta. Lamba irin P0300 tana cewa ne kawai wuta na tsallake a silinda, ba ta faɗin ko fulogi ne, ko koyil, ko nozul, ko kuwa matsi ne ya faɗi. P0420 kuma tana nuni ga katalis, matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda ke da tsada, kuma sau da yawa injin mai shan mai ne ya kashe ta. In na'urar ba ta nuna lambar matsala ko ɗaya ba, a duba sashen da ke nuna ko kwamfutar ta kammala gwaje-gwajen kanta. Idan yawancinsu ba su kammala ba, ba a daɗe da goge lambobin ko cire batir ba, fitilar kuma za ta dawo bayan 'yan kwanaki a hannun sabon mai ita.

Akwai motar da ba ma a yi mata lissafi, wucewa ake yi. Injin da giya ana sauke su a ɗora wasu, amma shasi shi ne motar. A ɗaga ta ko a shiga rami a duba ƙarƙashinta da tocila. Tsatsar da ke saman ƙarfe ba komai, wadda sukudireba ke hudawa a inda ƙafafu ke ɗaure ko a dogayen ƙarafan shasi kuwa maganar rai ce. A nemi walda ko lanƙwasa a ƙarafan gaba da cikin but, a duba ko tazarar ƙofofi da boneti ta yi daidai hagu da dama, a bi jikin bodi da maganaɗisu, inda bai kama ba a jikin ƙarfe an cika wurin da fila. Sabon fenti a tsohuwar mota na iya zama kyan ɗan maciji. Motar da shasinta ya karkace za ta yi ta cin taya gefe guda komai saitin da aka yi mata. Haka wadda ambaliya ta shanye: warin ruma, busasshen laka a ƙarƙashin kafet da ramin safaya, tsatsa a ƙarafan kujeru. Wayoyinta suna ruɓewa a hankali, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe mota ta ƙi tashi, mai gyaran waya ya yi ta lalube ba ranar gamawa.

Sai ƙananan abubuwa, waɗanda ɗaya-ɗaya ba sa tsoratarwa amma in an tara su sukan kai kuɗin babban gyara. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu na ƙarshe bayan haruffan DOT, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta haura shekara shida a sa mata ido ko da zanenta bai cinye ba, wadda zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 kuwa ta gama aiki. Takalmin birkin da ya gaza milimita 3 na canzawa ne, birkin da ke rawa a ƙafa kuma farantinsa ne ya lanƙwashe. Shokazoba mai yoyon mai, bushin da suka tsattsage, boljoyin da ke wasa, ƙarar kat-kat idan an karya sitiyari gaba ɗaya wadda ke nuna shaf, duk a rubuta. Batir mai lafiya yana ba da kusan bolt 12.6 mota a kashe, in tana aiki kuma a ga tsakanin 13.5 da 14.7, ƙasa da haka caji ne ba ya yi. Na'urar sanyaya ciki da aka ce "gas kawai take so", a tuna gas ba ya ƙarewa sai da inda yake zurarewa.

Kafin a yi tayi, a ɗauki takardar da aka rubuta matsalolin a je a ji kuɗin kowane abu a wurin masu sayar da kaya biyu ko uku, a kuma ji ladan aiki daban, don akwai kayan da ba su da tsada amma sai an yi yini biyu ana kwance-kwance kafin a kai gare su. A tambaya ko kayan wannan samfurin suna samuwa a kusa. Tsohuwar motar alfarma farashinta ne ke faɗuwa, kuɗin kayanta yana nan inda yake tun tana sabuwa. Wanda kuma ya ce ai sai a ɗora mata injin na hannu, ya sani shi ma wannan injin ba a san tarihinsa ba, sai an haɗa da kuɗin saukewa da ɗorawa, da sabon bel da mai da robobi, da sharaɗin mayarwa a rubuce idan ya fito da hayaƙi.

Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali kawai. A ce lafiyayyar irin wannan mota, wadda aka ƙera a shekara ɗaya da ita kuma tafiyarsu kusan ɗaya, tana kan 100, mai matsalar kuma an yi mata kuɗi 65. Ido zai ga rangwamen 35. Babban gyaran, in an ɗauke shi a mafi muninsa, ya kama 25. Tayoyi da birki da bel da batir da canjin mayuka sun kama 10. Sai a ƙara sulusin jimlar gyaran, wato kusan 12, saboda abin da ba a gani sai an buɗe: kusar da za ta karye, tiyon da zai fashe da an taɓa shi, abin da gyaran farko zai tono. Jimla ta zama 112, an sayi mai ciwo da tsadar da ta wuce ta mai lafiya, ga makonnin da za ta yi a gareji mai ita yana biyan kuɗin abin hawa. A wannan misali, ko a 53 aka saye ta an tashi babu riba babu asara ne, tayin da ya dace bai kamata ya wuce 45 ba. Kuɗin gyara kuma ba ya ɗaga darajar mota sama da ta takwarorinta, wanda ya kashe 112 in ya tashi sayarwa 100 ɗin nan zai samu in ya yi sa'a. Dole ne kuma kuɗin gyaran ya kasance a hannu ranar da aka saya. Wanda ya zuba duk abin da ya tara a sayen ya ce zai riƙa gyarawa sannu a hankali, ƙarshenta tuƙa ta zai yi da ciwon, ƙaramar matsala ta haifi babba.

Motar da ba ta tashi kwata-kwata, sayenta cinikin biri a sama ne. Ba a ji injin ba, ba a gwada giya ba, ba a taka birki ba. Ko an rantse maka cewa famfon fetur ne kawai, a zo da batir da famfon a tayar da ita a gabanka, in ba haka ba a yi mata kuɗin wadda injinta da giyarta suka mutu. Wadda ta shekara biyu ko uku a ajiye ma ba hutawa ta yi ba: fetur ya lalace a tanki, robobi sun bushe, birki ya kama, ɓeraye sun ci wayoyi.

Bakaniken da zai duba motar ya zama naka, kai ka kawo shi, kai za ka biya shi ladan dubawa ko an saya ko ba a saya ba, kada ya zama wanda dillali ya nuna ko wanda ke da kaso a cinikin. Ya fi kyau ya zama wanda ya saba da irin wannan samfurin, don kowace mota tana da inda ta saba ciwo. Ka ce ya rubuta maka abin da ya gani kashi biyu, wanda dole a gyara kafin a hau titi da wanda zai iya jiran wata shida. Lambar tafiyar da ke dashbod a gwada ta da yadda sitiyari da robar feda da kujerar direba suka cinye, don ana mayar da ita baya. A ƙarshe a duba lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17 a motocin da aka ƙera daga 1981, a tabbatar wadda ke ƙasan gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardu duk ɗaya ce, kafin kuɗi ya bar hannu.

Na gode, Malam Edita, da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wani bakanike mai karanta jaridarka